Sata a Jami'a: Yadda Take Faruwa, da Inda Kayan Suke Zuwa

Kamar kullum, ga shirin a rubuce domin waɗanda data ta yi musu ƙaranci, da waɗanda dama sun fi son karantawa a kan saurare.

Yau za mu taɓo wani abu da duk wanda ya taɓa kwana a hostal ya san shi, amma ba kasafai ake zama a yi maganarsa da gaske ba, wato sata a cikin jami'a. Yawanci idan zancen ya taso dariya ake yi. A ce an ɗauke wa wane bokiti cike da ruwa a ƙofar banɗaki, an sauke wa wance tukunyar taliya daga kan risho tana tsaka da dahuwa. To, wannan a yi dariya a wuce. Amma akwai ɗalibin ajin ƙarshe da aka ɗauke masa laftof saura 'yan kwanaki ya miƙa furojet, kuma babi biyar ɗin nan duk suna ciki. Akwai yarinyar da mahaifinta ya sayar da amfanin gona ya saya mata waya, ba ta yi wata biyu da ita ba aka zare ta daga caji. Waɗannan ba su ga abin dariya ba.

Ku duba lissafin ma. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne. Kuɗin kashewa da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND yake bayarwa dubu 20 ne a wata. Wayar da ɗalibi zai iya karatu da ita a yau, ko ba ta gayu ba ce, ta haura wancan albashin. Kuma waya a hannun ɗalibi ita ce komai: a ciki guruf ɗin aji yake, inda ake sanar da an ɗage lakca ko an sa gwaji gobe. A ciki handawut suke. Ita ce bankinsa, ita ce tocilansa, da ita yake rajistar kwasa-kwasai. Duk wanda ya ɗauke ta ya ɗauke masa rabin zangon karatu.

Abin da nake so mu fahimta yau shi ne, satar jami'a tana da jadawali kamar yadda lakca take da jadawali. Tana da lokutanta, tana da wurarenta. A abin da na gani a shekarun da na yi a makaranta, da abin da ɗalibai suke ba ni labari har yanzu, yawancinta babu makami a ciki, babu fasa ƙofa. Wanda ya ɗauka ya san lokacin da kake fita, ya san inda kake ajiye makulli, ya san minti nawa kake yi a wanka. Idan kai ma ka san jadawalin nan, ka rage masa aiki sosai.

Bari mu bi shi daga farkon zango.

Makonnin farko na rajista kakar ɓarayi ce, domin makaranta cike take da jambito. Ba su san hanya ba, ba su san fuskar kowa ba, ga kuɗi a jikinsu, ga sabuwar waya. Sai ka ga wani ya matso da fara'a, ya ce shi ɗan aji uku ne a sashenku, zai taimaka maka. Ya karɓi kuɗin gado ya ce akwai wanda zai sayar, ka biya, ranar shiga ɗaki ka tarar da mai gadon na gaskiya a kwance. Ko a layin tantance takardu wani ya ce, "Ɗan'uwa ara min wayarka in kira, tawa ta mutu." Yana magana yana ɗan matsawa kamar mai neman sabis, kai kuma ba ka son rasa layinka. Kafin ka waiga ya shige cikin mutane.

Sai asuba. Wannan ita ce wadda ta fi cin mutane a ɗakunan kwana. Mutum ɗaya ya tashi zai tafi masallaci ko ɗibar ruwa, sai ya janyo ƙofa kawai bai kulle ba, a ransa yana cewa ai akwai mutane a ciki. E, akwai mutane a ciki, amma barci suke yi, wasu ma ƙarfe uku suka dawo daga karatu. Ɗakin da mutum shida suke barci da ƙofa a buɗe, da ɗakin da babu kowa, duk ɗaya ne a wurin mai ɗauka. Zai turo ƙofa a hankali. Idan wani ya farka sai ya ce, "Au, yi haƙuri, wane nake nema," ya ambaci wani suna da kowane bene yake da irinsa, ya fita. Idan babu wanda ya farka, ya kwashe wayoyin da ke gefen matashi.

Na uku, wurin caji. Matsalar wuta ita ta haifi wannan. Idan aka ɗauke wuta a hostal, kowa sai ya nufi inda janareta ko sola take: ɗakin lakca, masallaci, ɗakin kallo, shagon mai kwafi. Soket ɗaya, a jona masa doguwar waya, waya goma sha biyu a kai, rabinsu baƙaƙe masu kama da juna. Ka jona taka ka ce bari in je in ci abinci in dawo. Wanda zai ɗauka ba ya ɓoyewa ma. Zuwa yake kai tsaye, ya duba ko ta cika kamar tasa ce, ya zare har da cajar, ya sa a aljihu. Duk wanda ke zaune a wurin ya gan shi, amma wa ya san wayar wa ce?

Na huɗu, karatun dare, wanda muke ce wa TDB. Tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu ido yake yin nauyi. Ka ce bari in ɗan kifa kai minti goma, laftof a buɗe a gabanka, waya a kan littafi. Akwai masu shigowa aji da littafi ɗaya a hannu, ba karatu ya kawo su ba, jira suke a yi barci. Akwai kuma kuskuren da kusan kowa yake yi: za ka fita fitsari sai ka ce wa na kusa da kai, wanda ba ka taɓa gani ba, "Don Allah ɗan duba min jakata." Ka ga kai da kanka ka sanar da shi akwai abin dubawa a ciki, kuma ka ba shi izinin taɓa ta a gaban mutane.

Na biyar, lokacin jarrabawa, kuma wannan ya fi ba ni haushi domin tsari ne ya samar da shi. Doka ta hana shiga da waya ɗakin jarrabawa, kuma daidai ne. To amma ina za a ajiye? Sai a tara jakunkuna a bakin ƙofa ko a baranda. Ka tsaya ka yi tunani: tarin jaka ɗari, kusan kowacce da waya a kashe a ciki, masu su kuma an san ba za su fito ba sai bayan awa biyu ko uku. Wanda ya riga fitowa, ko wanda bai ma shiga ba, zai sunkuya ya ɗauki jaka kamar tasa ya tafi. Masu sa ido hankalinsu yana kan satar amsa, ba ya kan satar jaka.

Sai ranakun da hostal yake yin wayam: lokacin sallar Juma'a, safiyar Lahadi, daren Talata da Laraba idan ana buga gasar zakarun Turai, ko ranar zaɓen ƙungiyar ɗalibai. A irin lokutan nan ne ake kwashe shanya. A ɓangaren mata an fi kuka da wannan: abaya, atamfa, leshi, mayafi, ki wanke ki shanya, ki dawo ki tarar da igiya. A cikin ɗaki kuma turare, ɗan kunne, man shafawa. A masallaci, takalmi. Har ya zama al'ada mutum ya raba takalminsa, ƙafa ɗaya a wannan ƙofa, ɗaya a waccan.

Na ƙarshe a jadawalin, ƙarshen zango da lokacin yajin aiki. Ranar da aka gama jarrabawa kowa ɗauke yake da kaya. Mutum zai fito da katifa a kai, da tukunyar gas a hannu, da jaka biyu, ya wuce ta gaban masu gadi, babu mai tambayarsa ko nasa ne. Masu zama a gidajen haya na wajen makaranta kuma, irin su Samaru a Zariya, ko Danbare da Rijiyar Zaki a Kano, ko Mairi a Maiduguri, su nasu tashin hankalin dogon hutu ne. Ku tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mutum ya tafi gida da tunanin sati huɗu zai yi, ya bar fanka da katifa da tukunyar gas a bayan kwaɗo guda ɗaya, a layin da kowa ya san babu ɗalibi ko ɗaya.

To, su waye suke yi?

A nan nake so mu yi wa kanmu adalci. Da zarar abu ya ɓata, yatsa na farko kan mai shara yake sauka, ko yaron da ke wanke mana kwanuka, ko almajirin da ke ɗebo ruwa. Su ne ba su da mai tsaya musu, don haka su ne masu sauƙin zargi. Amma yaron da ke wanke kwano bai san falon laftof ɗinka yana ƙarƙashin katifa ba. Bai san ranar Alhamis kana da lakca daga takwas zuwa sha biyu ba. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa wanda ya ɗauka ɗalibi ne kamarka, yana da katin shaida kamar naka, wataƙila ma ya taya ka nema.

Akwai kuma waɗanda ba ɗalibai ba ne amma sun fi ɗalibai sanin makaranta. Wani an kore shi shekara biyu da suka wuce, bai faɗa a gida ba, yana nan yana kwana ɗakin abokai. Wani daga cikin gari yake shigowa, ya rataya jaka, ya riƙe littafi, shi ke nan ya zama ɗalibi. Abin da yake ba su mafaka shi ne cunkoso. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu, sai ka tarar da takwas ko goma. Mai gado yana da skwata, skwatan ma yana da baƙonsa. Kada ku fahimce ni ba daidai ba, skwata ba ɓarawo ba ne, mutum ne da bai samu gado ba domin gadajen ba su isa ba, kuma da yawanmu da haka muka yi karatu. Matsalar ita ce idan fuskoki suka yi yawa, babu wanda zai iya cewa wannan ɗan ɗakin nan ne, wancan ba ɗan nan ba ne. Ga makulli ɗaya ana ajiye shi a saman ƙofa ko a cikin tsohon takalmi, wurin da duk benen ya sani. Ga kwaɗo mai arha da makullin maƙwabci ma yana buɗe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Me yake sa ɗalibi ya yi sata? Akwai yunwa, kuma ba zan raina ta ba. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, jami'o'i da dama sun ƙara kuɗin rajista, akwai ɗaliban da sau ɗaya suke cin abinci a yini. Wanda ya buɗe lokar wani ya ɗebi garin kwaki, laifi ya yi, amma wannan yana nuna mana akwai mai jin yunwa a ɗakinmu ba mu lura ba. Sai dai wanda ya ɗauki laftof ko waya uku a dare ɗaya, da wuya ka samu tuwo yake nema. Ka bincika, za ka tarar da ɗaya daga cikin abubuwan nan: caca ta intanet ta cinye kuɗin rajistarsa yana neman mayarwa kafin a rufe shafin, ko shaye-shaye, ko bashin manhajojin lamuni da suke barazanar tura saƙo ga duk lambobin wayarsa, ko kuma rayuwar ƙarya, yana son ya riƙe abin da gidansu ba za su iya saya ba.

Yanzu bari mu bi wayar bayan ta bar hannunka, domin a nan mutane da yawa suke yin asara ta biyu, wadda wani lokacin ta fi ta farko.

Kai kana ta kiran lambar kana jin a kashe. Shi kuma abin da ya fara yi shi ne zare layin ya sa a wata ƙaramar waya. Makullin allon wayarka bai kare layin ba. Saƙon banki na farko da ya shigo zai nuna masa bankin da kake. Kowane banki yana da lambar da ake dannawa ba tare da intanet ba, irin su *737# na GTBank, *894# na First Bank, *901# na Access, *919# na UBA, *966# na Zenith. Da layin da aka yi rajistar BVN da shi ana iya danna *565*0# lambar ta fito. Duk wata lambar sirri ta wucin gadi da banki ko manhaja za ta turo, kan layin nan za ta sauka. Da wannan ake sayen kati daga asusunka, ake gwada cin bashi da sunanka, ake buɗe WhatsApp ɗinka a wata wayar. Daga nan sai saƙo ya fara zuwa wa 'yan'uwanka: "Yaya don Allah turo min dubu goma, ina asibiti." Su kuma sun ga lambarka da hotonka, sai su tura.

Ita wayar kuma kasuwa za ta tafi. Ko a goge ta a sayar, ko idan ta ƙi buɗuwa a farke ta a sayar da gilashi daban, batir daban. Kuma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa yake saye? Mu ne. Wani ya zo ɗakinku da daddare da wayar da kowa ya san kuɗinta, ya ce rabin kuɗi zai sayar, babu kwali, babu risit, babu caja, kuma yau yake son kuɗin. Ka san abin da ake ciki. Amma sai ka ce ai ni saya na yi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk ranar da ɓarawo ya rasa mai saye a cikin makaranta, sana'ar ta yi masa wahala, domin manyan kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano 'yan kasuwar kirki suna tambayar risit da shaida kafin su karɓi waya ta hannu.

Kuma doka ba ta ɗauki mai saye da wasa ba. A kundin Penal Code da aka daɗe ana aiki da shi a Arewa, sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya yi sata. Sashe na 317 kuma, wanda ya shafi karɓar kayan sata alhali ka sani ko kana da dalilin zargi, ɗaurinsa zai iya kai shekara goma sha huɗu. Wasu jihohin sun sabunta nasu kundin, lambobin sassan sun canza, amma laifin yana nan. Kuma idan aka bi sawun waya, a hannun wanda take ake fara kamawa. Wanda ya sayar maka ya daɗe da ɓacewa, kai za ka yi bayani.

Sai mu zo kan abin da muke yi idan an kama wani. Wallahi wannan ne ya fi tsorata ni a cikin zancen nan duka. Da an yi ihun "ɓarawo!" a hostal, sai ka ga mutanen da suke karanta shari'a da likitanci sun fito da bel da guga da ƙafar kujera. Babu mai tambayar me ya faru. A watan Oktoban 2012, a garin Aluu da ke jihar Ribas, an kama ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bisa zargin sata, aka yi musu tsirara, aka doke su, aka cinna musu wuta, ana ɗauka a waya. Daga baya bayanai suka nuna bashi suka je karɓa. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, har da ɗan sanda. A watan Afrilun 2023 kuma, a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ɗalibin ajin ƙarshe ya rasu bayan dukan da aka yi masa a kan zargin satar waya. Waya fa. Waɗanda suka ɗaga hannu a ranar sun fito ne a matsayin masu kare kayansu, suka wayi gari ana neman su da laifin kisa.

Ko da mutum ya ɗauka da gaske, an kama shi da ita a aljihu, ba ka da hurumin dukansa. Ku riƙe shi, ku kira jami'an tsaron makaranta, ku ba da shaida. Kuma a daina ɗaukar bidiyon mutum ana zagaya hostal da shi ana watsawa. Idan gobe ta bayyana ba shi ba ne, wa zai bi waya dubu ya goge? Haka nan masu zuwa wurin mai duba a faɗa musu wanda ya ɗauka, a dawo a ce an ga "wani dogo baƙi na kusa da kai". An raba abokai da yawa da irin wannan, kayan kuma ba su dawo ba.

A ɗaya gefen kuma akwai shiru. An san wanda yake ɗauka a bene, amma ɗan garinmu ne, ko abokin wane ne, sai a ce a rufa masa asiri, kada a kore shi. A karɓi wayar a ɓoye a mayar wa mai ita, shi ke nan. Sati biyu ya koma wani benen. Wanda aka yi wa satar ma sau da yawa ba ya kai rahoto, yana cewa ai ba abin da za a yi. To idan mutum talatin aka yi wa sata a wata ɗaya, biyu suka kai ƙara, a takardar hukuma sata biyu aka yi. Da wace hujja za ka je ka nemi a ƙara masu gadi?

To me za mu yi? Zan fara da abin da za ka iya yi yau, kafin ka ajiye wayar nan.

Danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayarka da ba ta canzawa ko an sauya layi. Rubuta ta a littafi, ka tura wa wani a gida. Ka ɗauki hoton risit da kwalin. Laftof ma tana da lambarta a ƙasa, rubuta.

Sa wa layinka fin. Yana cikin saitin tsaro na wayar. Idan ka sa, duk wanda ya zare layin ya sa a wata waya sai ta tambaye shi lambar. Amma a kula, idan aka yi kuskure sau uku layin zai kulle sai da lambar PUK, wadda take jikin katin da aka ɓallo layin daga ciki. Idan ba ka san fin ɗin asali na layinka ba, tambayi kamfanin, kada ka yi ta gwadawa.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, lamba shida ce kawai. Tabbatar manhajar neman waya ta Google, ko Find My ga masu iPhone, a kunne take, kuma ka haddace kalmar sirrin imel ɗinka, domin da ita za ka shiga daga wata wayar ka kulle taka ko ka goge ta. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta ta a bangon littafinka. Kada ka adana lambobin sirrin banki a cikin wayar.

'Yan ajin ƙarshe, ku saurara da kyau. Duk daren da ka yi rubutu a furojet, tura wa kanka ta imel kafin ka kwanta. Google Drive yana ba kowa 15GB kyauta. Filashin da ke cikin jaka ɗaya da laftof ba ajiya ba ce, tare za su tafi.

Ranar jarrabawa bar wayar a kulle a loka, ka fito da biro da katin shaida kawai. A ɗaki ku zauna ku yi yarjejeniya tun makon farko: kowa ya yanka makullinsa, duk wanda zai fita da asuba ya kulle, baƙo ba ya zama shi kaɗai a ɗaki, idan makulli ya ɓata a canza kwaɗo a ranar. Idan za a tafi hutu, ko an ce na sati biyu ne, abin da ba za ka iya jure rashinsa ba ka tafi da shi.

Idan kuma ta riga ta faru, bi wannan tsarin. Fara rufe asusun banki. Sannan ka kira kamfanin layi a toshe shi, daga baya ka je da lambar NIN ɗinka a dawo maka da shi. Ka sanar da gida da guruf ɗin aji cewa duk saƙon neman kuɗi daga lambarka ba kai ba ne. Sannan ka kai rahoto a rubuce ofishin tsaro na makaranta da wurin 'yan sanda, da IMEI a hannunka. Idan manhaja ta nuna maka inda wayar take, kada ka tara abokai ku tafi da kanku.

Amma ba zan ɗora komai a kan ɗalibi ba. Akwai abubuwan da hukumar makaranta da ƙungiyoyin ɗalibai ne kaɗai za su iya, kuma ba masu tsada ba ne. A samar da wurin ajiye jaka mai lamba a ƙofar ɗakunan jarrabawa da laburare, ka miƙa jaka a ba ka lamba. A yi wuraren caji masu ƙananan akwatuna da makulli. A gyara fitilun baranda da hanyoyin da ke tsakanin aji da hostal. A riƙa rajistar laftof a ƙofar hostal, mai fita da ita ya nuna tasa ce. A yi wa skwata rajista a san da zamansu, tunda korar su ba ta taɓa yiwuwa ba. A ajiye littafin rahoton sata, duk ƙarshen zango a faɗa wa ɗalibai nawa aka kawo, nawa aka gano. Kuma a samu asusun taimakon ɗaliban da abinci ya yanke musu, wanda mutum zai je ba tare da an tozarta shi ba. Idan masu neman kujerar ƙungiyar ɗalibai suka zo ɗakinku kamfe, ku ajiye musu wannan jerin, ku tambaye su wanne za su yi, kuma yaushe.

Kai kuma da kake karanta wannan, kana sane akwai kayan wani a hannunka, har yanzu kana da dama. Mayar da shi, ko ta hannun limami, ko fasto, ko wani babba da ka yarda da shi. Idan caca ce ko bashi ya kai ka, faɗa wa wani tun kafin a kama ka. Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, kuma a jami'a ranar nan ɗaya tana iya zuwa da takardar kora a aji huɗu.

A nan za mu dakata a yau. Ku faɗa mana a ƙasa: a makarantarku wane lokaci aka fi ɗaukar kaya, kuma wace dabara kuka yi a ɗakinku da ta yi aiki? Don Allah ban da kama sunan kowa, ban da sa hoton kowa. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa da suka samu gurbin karatu bana, ya tura musu wannan kafin su tafi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mu da kayanmu, Ya ba masu jarrabawa sa'a. Wassalamu alaikum.